Yaren da Muka Yi wa Hayaƙi

Ni ɗan unguwar Nima ne a Accra, kuma a Nima ba a shuka fure. Ina filin yake? Ɗan taƙin da ya rage tsakanin ɗaki da ɗaki, ko dai wata ta kafa teburin sayar da kayan miya, ko an ɗaure ragon layya. Furen da muka sani na roba ne, wanda ake jerawa bayan amarya ranar biki, a kakkaɓe shi a kai wani bikin. Shi ɗin ma ba fure muke ce masa ba, fulawa muke cewa, suna ɗaya da garin burodi. Shi ya sa ranar da na gaya wa mahaifiyata na sami aikin tuƙi a arewacin ƙasarmu, zan riƙa shiga da baƙi gandun daji suna kallon giwaye, in damina ta faɗi kuma su kalli fulawa, sai ta ajiye ludayi ta dube ni sama da ƙasa.

"Mutum ya bar ƙasanshi, ya hau jirgi, don fulawa? Ka kai su kasuwan Makola mana, Auta. Buhu-buhu yana can."

Mma muke ce mata. Koko da ƙosai take sayarwa a bakin lungunmu tun kafin a haife ni, kuma bakinta ya fi kokon yaji. In ta ƙwala wa yaro kira a nan, sai na can unguwar Mamobi ya waiwaya. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, mutumin Damagaram ne, fataucin albasa ya kawo shi Accra, wadda mu muke ce wa Ankara. Shi ya ba mu Hausa mai "ita" da "shi". Hausar Mma kuwa ta zango ce zalla: mace shi, namiji shi, tukunya ma shi. In ya tsokane ta sai ta ce, "Hausanka ɗin ya taɓa ƙara maka kuɗin albasa?" In aka tambaye ta asali, amsarta ɗaya ce, daga Salaga gwaggonta ta kawo ta tana ƙarama. Ba wanda ya taɓa ƙara tambaya a kan haka. A zango kowa daga wani wuri ya zo, kuma in ka tona na wani, za a tona naka.

Bayan ƙaramar salla ta wannan shekarar ta faɗi a gaban kaskon ƙosai. Asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, hannun dama da ƙafar dama sun tafi, magana ma da wuya ta dawo. Ta yi makonni ba ta ce uffan ba. Da bakin ya buɗe kuwa, sai muka gwammace shirun. Magana ce take zubowa, da hawa da sauka, da tambaya da jiran amsa, amma babu kalma ɗaya da muka taɓa ji. Ba Hausa ba ce, ba yaren Asante ba, ba na mutanen Ga ba. Mu ma in mun yi mata magana, bakinmu take kallo kamar mai kallon kifi a ruwa.

Nima kuwa ba ta rasa kunne. Muka kawo maƙwabciyarmu 'yar Dagomba, ta saurara ta girgiza kai. Muka kawo wani tsoho mutumin Gwanja, tunda Salaga ta ce, ya ce akwai kalma ɗaya biyu da suka yi masa kama, amma bakin ya karkace, ba zai rantse ba. Mosi sun zo, Kotokoli sun zo, Zabarmawa da Farafara duk sun tsuguna a gaban katifarta. Da kowa ya ce ba nasa ba ne, sai matan gida suka ce, to, in ba na mutum ba ne, ai an san na wane ne.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Aka fara rubutu, aka fara tofi, aka fara hayaƙi safe da yamma, a rufe ƙofa da taga don kada ya fita. Da an barbaɗa garin maganin a garwashi sai ta ɗaga murya, ta riƙa maimaita abu ɗaya tana dukan katifa da hannun da ya rage mata. Sai a ce, kun gani, aljanin ya ji wuta, a ƙara. Limamin masallacinmu, mutum mai tsoron Allah, ya zo ya yi mata karatu ba sau ɗaya ba, daga baya ya ce shi dai bai ga alamar iska ba, a ci gaba da maganin asibiti. Ba a ji daɗin maganarsa ba, aka nemo wani malamin. Wannan shi ya kafa mana doka: in ta yi magana kada wanda ya amsa, kada a haɗa ido da ita, amsawa ke ba shi ƙarfi. Ni ma na bi dokar kwanakin da na yi a gida, har hutuna ya ƙare na koma arewa.

Babban wanmu, wanda muke ce wa Yaya, tela ne a Kokomlemle, shi ya zama uba tun rasuwar mahaifinmu, kuma ba ya magana biyu. Ya samo labarin wani mai magani can bayan unguwar Malam, a hanyar Winneba, wanda ake kai wa masu iska. Sharaɗinsa shi ne a bar masa mara lafiya a tafi, dangi ba sa zuwa, ba a kira a waya, sai ya aiko. An ce wanda ya yi gardama ɗaure shi ake yi. Yayata mace, da muke kira Sista, ita ke jinyar, ba ta so, amma ta gaji har ta daina iya musu. Ni aka gaya mini a waya, na ce Allah ya sa a dace. Aka sa ranar Laraba, bayan azahar.

Ran Larabar ina da baƙuwa guda, wata tsohuwar Baturiya da ta zo takanas don furanni. Farkon damina ne. Dajin da aka ƙone da rani ya yi baƙi ƙirin, ruwa biyu uku suka sauka, sai ga shi ya farka. Ciyawa sabuwa ta fito gajera, marga ta zubo da furanni ruwan ɗorawa, gauɗe ya yi fari yana ƙamshi har cikin mota. Akwai wasu jajaye masu kama da dunƙulen garwashi, da ke fitowa daga ƙasa tsirara ba ganye ko ɗaya. Ni da na tashi a gefen gota, wato kwatar unguwa, shekarata ta farko a wurin na ɗauka wani ne ya bi dare ya dasa su.

Hanyar da muke bi ba hanya ba ce, sawun taya biyu ne cikin ciyawa, sai mota mai ja da ƙafa huɗu. Dokokin gandun kuma ba wasa. Ba a shiga sai da mai gadin daji a kujerar gaba da bindigarsa, ba a fita daga sawun taya, ba a tsinke ko ganye. Wanda aka ba ni ranar wani siriri ne da furfura ta fara kama shi, ɗan ɗaya daga ƙauyukan gefen gandun. Mun sha tafiya tare, amma hirarmu ba ta taɓa wuce "hagu", "sannu-sannu", "tsaya, giwa" ba. Ni ina ce masa Ofisa, shi yana ce mini Direba.

Baturiyar kuwa ba ta bari mu yi tafiyar kirki. Da mun ɗan motsa sai ta ce a tsaya, ta sauka ta durƙusa gaban fure da kyamara, tsando na cizonta ba ta ko kore shi. Wani lokacin abin da ta durƙusa dominsa bai kai farcena ba. A wata ranar da na yi ta dariya a ciki. Ranar dai hankalina na Nima, ina ta kallon rana ina auna azahar.

Da hantsi ya ɗaga, muna hawa wani tudu na marmara, sai wayata ta yi ƙara. A dajin nan waya ba ta kamawa sai a kan tudu, can ma sai ta ga dama. Mota na ƙaramar giya, hannuwana biyu na kan sitiyari, don haka na danna lasifika na ajiye ta a gabana. Sista ce.

"Auta, kana jina? Taksi zai zo bayan azahar. Ina haɗa kayan Mma. Tun asuba bai yi shiru ba koraa, ko na minti ɗaya. Yaya ya ce a yi mishi hayaƙi na ƙarshe kafin a tafi, shi ne muke yi."

A bayan muryarta ga ta Mma nan tana tashi, tana maimaita abin nan da na sani, da tari a tsakani. Kunya ta kama ni, don wannan ba abin da bare zai ji ba ne. Na miƙa hannu zan kashe lasifikar, sai mai gadin ya riƙe mini wuyan hannu. Bai taɓa taɓa ni ba sai ranar.

"Bari," ya ce. Ya karkata kunne wajen wayar. "Wannan tsoho wanene shi?"

"Mma na ne. Ba shi da lafiya. Iska ne."

"Iska?" Ya dube ni kamar na zage shi. "Yana cewa a buɗe taga. Hayaƙi yana shaƙe shi, ƙirjinshi yana zafi. Yana cewa ku yi haƙuri ku buɗe."

A daidai lokacin muka kai ƙolin tudun, gaban motar ya sunkuya. Ban san sa'ad da na danne birki ba, abin da ba a yi a kan jiƙaƙƙiyar marmara. Tayoyin suka daina juyawa, motar ta sulale da mu a karkace har gindin tudun, ta tsaya da hancinta cikin wani ɗan kurmi. Baturiyar ta yi ƙara a baya. Wayar ta faɗo ƙasa, na ɗauke ta, ta riga ta yanke.

Ban taɓa jin firgita irin wannan ba, ko ranar da giwa ta biyo ni a guje. Na ce masa ya sake faɗa. Ya sake, kalma ba ta canza ba.

"Wane yare ne?"

"Namu ne. Ƙauyuka kaɗan ne ke ji, a nan gefen. Bakinshi ya karkace, amma na ji shi sarai. Irin maganan kakana ne, yaran yanzu ba su yi haka."

"Ofisa, uwana Bahaushe ne. Daga Salaga."

"To," ya ce. "Amma taga yake so a buɗe."

Na fita a guje na koma saman tudun da ƙafa, ina zamewa ina dafa ƙasa. Na ɗaga wayar sama, na juya gabas, na juya yamma, na hau kan wani suri. Babu ko ɗigon sabis. Ya biyo ni a hankali da bindigarsa, ya ce nan sa'a ce, wani lokaci a wuni waya ba ta sake kamawa ba. Wurin da ba ya ƙarya yana gaba, wani faffaɗan dutse bayan fadama, inda su kansu ke zuwa in suna son kiran gida. Komawa baya ba ta taso ba, motar ba za ta hau santsin da ta sauko ba. Na ɗaga kai na ga rana ta kusa tsakiya.

Na yi wa Baturiyar bayani da Turancina na direba, rabi a tsaye rabi a kwance. Ban san iya abin da ta fahimta ba. Ta dai dube ni, ta dubi mai gadin, sannan ta cusa kyamarar a jaka, ta ja zif, ta ɗaura bel. Ta ce mu tafi.

Hanyar da ake bi kamar ana taka ƙwai, ranar na bi ta kamar titin Kanda mai kwalta. Rami ya ɗaga mu, saiwa ta sauke mu, rassa na dukan gilashi. Garken mariya suka watse a gabanmu, wani gadu ya ɗaga wutsiya ya shige ciyawa da 'ya'yansa. Furannin da ɗazu muke tsayawa kowannensu, yanzu launi kawai nake gani yana wucewa ta gefen ido. Mai gadin bai ce sannu-sannu ba ko sau ɗaya. Hannu kawai yake nunawa, nan, can, kauce wa wannan.

Kaina kuwa ba ya kan hanyar. Duk ranar da ta dube ni tana magana na sunkuyar da kai, ita ke dawo mini. Na sha ce wa mutane rashin sani ya fi dare duhu, ina faɗa da daɗin baki, ashe ban san me nake faɗa ba. Akwai wata kalma da ta fi yawan maimaitawa, gajera, mai ja a ƙarshe. Malamin nan na biyu ya ce sunan aljanin ke nan, da bakinsa ya faɗa, har ya hana a ambace ta a gidan. Ban taɓa furta ta ba. A cikin motar nan na daure na kwaikwaya masa, na ce mene ne wannan.

Ya sa na maimaita. Sai ya faɗe ta yadda take, na ji muryar Mma sak.

"Wannan ba sunan kowa ba ne," ya ce. "In uwa yana kiran ɗanshi na ƙarshe, haka yake cewa. Kamar ku ce auta."

Saura kaɗan in rungumi wata bishiyar kaɗanya da motar. Na kauce da ƙyar, madubin gefe ya tafi. Ban tsaya ɗaukarsa ba, kuma daga nan ban ƙara tambayarsa komai ba, don na ji tsoron abin da zan ji.

Muka ɓullo kan fadamar. Wurin nan ne Baturiyar ta bar ƙasarta dominsa, tun a masauki take nuna mini hotonsa. Albasar kwaɗi ce ta cika ta daga wannan baki zuwa wancan, fara mai jan ratsi, kowane kai da furanni kamar an ɗaure su da hannu. Kwana kaɗan suke yi a shekara su bushe. Can ƙetare ga dutsen ana hango shi. A tsakiya kuma ga sawun tayar da ya kamata mu bi, ruwan daren jiya ya mai da shi taɓo.

Mai gadin ya sauka, ya sari sanda ya soka. Ta shige har inda hannunsa yake.

"In ka shiga nan, sai gobe."

Ƙasa mai tauri tana hagu, inda wurin ya ɗan tashi, kuma a nan ne furannin suka fi cinkoso, ko wurin sa ƙafa babu. Ya tsaya yana kallon wurin. Na san in aka ga sawun taya a nan, aikinsa ne a gaba, nawa na biye, kuma ba ni da bakin roƙon mutum ya zubar da abincin 'ya'yansa don uwar da bai taɓa gani ba. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya gyara ratayar bindigarsa, ya shiga cikin furannin yana buga diddige a ƙasa yana jin taurinta, ya ɗago hannu ya yafito ni.

Na dubi Baturiyar ta madubin ciki. Ta rufe baki da hannu. Ta buɗe ƙofa ta sauka, na ɗauka tare hanya za ta yi, kuma da ta yi ban ga laifinta ba. Ashe nauyi take rage wa motar. Ta tattare bakin wandonta ta bi gefe, tana ɗaga ƙafa tana neman inda ba fure.

Na sa ƙaramar giya na bi bayansa. Har yau ina jin ƙarar, ƙaras ƙaras, kamar ana yanka ɗanyar albasa a faranti. Wani ƙamshi mai zaƙi ya taso haɗe da warin ɗanyen ganye, ya cika motar. Kusa da ƙarshe tayar baya ta dama ta nutse, ta fara juyawa a banza tana feshin laka. Na sassauta totur, na ja baya kaɗan, na sake turawa, shi kuma ya cusa rassa a ƙarƙashi ya sa kafaɗa. A karo na uku ko na huɗu ta kama. Da muka hau busasshiyar ƙasa na waiwaya, ga layi biyu baƙaƙe sun raba farin nan gida biyu. A lokacin ban ji komai game da su ba, sai daga baya.

Dutsen da ƙafa muka hau, ni da shi. Inuwata ta riga ta karkata, azahar ta wuce. Wayar ta kama tun kafin mu kai sama. Sista ta ɗauka, na ji ƙahon motoci da masu tallan ruwa.

"Mun fito tun ɗazu, Auta. Muna cikin taksi. Go-sulo ya riƙe mu a Kaneshie, mota ba ya motsi."

Ban taɓa gode wa Allah saboda cunkoson Ankara ba sai ranar. Na faɗa mata abin da ya faru a birkice, gaba a baya, baya a gaba. Kafin in gama Yaya ya karɓe wayar.

"Auta, kar ka kawo mini maganan daji. Aljani ma yana jin yare. Mun riga mun yi magana da mutumin, yana jiranmu."

Tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ranar na ɗaga, har tsuntsaye suka tashi daga ƙasan dutsen. Na ce, "Yaya, don girman Allah, don darajan Baba da ke kabari, ka sa waya kusa da kunnenshi kawai. In ba komai, ku wuce." Sai na ji motsi, na ji numfashin Mma kusa.

Mai gadin ya ajiye bindigarsa a kan dutse. Ya cire hula, ya tsuguna a gaban wayar da ke hannuna kamar tsohuwar na zaune a wurin. Ya fara magana a hankali. Ko ban ji yaren ba na san gaisuwa ce, don gaisuwa ko ta wace ƙasa ce tafiyarta ɗaya. Ya gama ya saurara. Babu komai sai ƙahon motoci. Ya sake daga farko.

Sai ta amsa. Ba da ihun nan da muka saba ba, da ƙaramar murya, irin ta mai amsa sallama daga cikin ɗaki. Ya faɗi, ta amsa, ya faɗi, ta amsa, suna miƙa wa juna. Na zauna a kan dutsen mai zafi. Ta wayar ina jin Sista tana salati tana kuka, direban taksin ma ya ce wani abu da yaren Asante ya kashe rediyonsa.

"Yana tambaya ni ɗan gidan wanene," in ji mai gadin. Ya gaya mata. Ta yi wata doguwar magana. Ya ɗaga kai ya nuna yamma da haɓa, inda ba abin da nake gani sai daji. "Ƙauyensu yana can da, bayan rafi, kafin a tashe su a yi gandu. Kuka ne kawai ya rage a wurin. Daga nan aka kai shi Salaga."

Na bi haɓarsa da kallo. Na sha wucewa ta gindin kukar nan da baƙi, har na taɓa tsayawa na ci abinci a inuwarta.

Yaya bai sauko ba tukuna. Na ji muryarsa ta dawo kusa, a dake. "Tambaye shi 'ya'yanshi nawa."

Aka tambaye ta. Ta fara lissafi, sunayenmu dai ba su canza ba a kowane yare, na ji su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Amma tsakanin Yaya da Sista ta tsaya ta faɗi wani abu.

"Ya ce akwai mace a nan, bai kai ranan suna ba," in ji mai gadin. "Ya ce babban ya sani, shi ya riƙe fitila." Ta ƙara wata magana, sai na ga gefen bakinsa ya motsa. "Ya ce kuma babban nan taurin kai gare shi kamar ubanshi, in zai ɗaga shi ya daina finciko shi ta hannu mai ciwo."

Ni ban taɓa jin labarin wannan jaririyar ba. Sista ma na ji ta ce, "Wane mace?" Sai na ji Yaya da wata murya da ban san shi da ita ba yana ce wa mai taksin, "Direba, in ka samu wuri ka juya."

Na ɗauka an gama. Har na fara neman kalmar da zan gode wa mutumin nan da ita. Amma Mma ba ta gama ba. Ta ci gaba da magana, a hankali, tana tsayawa tana haɗiyar yawu. Mai gadin na saurare, sai na ga ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Ta gama, bai fassara mini ba.

"Me ya ce, Ofisa?"

"Maganan tsofaffi ne."

"Faɗa mini."

Ya dube ni, ya dubi wayar, don ya san su ma suna ji.

"Yana tambaya me ya yi muku. Ya ce tun da ya faɗi yana muku magana, ba wanda ke amsa shi. In ya kira ku sai ku juya fuska. Ya yi tunani ya yi tunani bai gano laifin ba. Ya ce in akwai, ku faɗa mishi ya roƙe ku gafara tun yana da rai."

Ashe ba ta san ta sauya harshe ba. A wurinta maganar da ta saba yi mana take yi, mu ne muka daina amsawa. Daga cikin taksin na ji wani sauti da na gane na Yaya ne. Na so in ce mata wani abu, na buɗe baki, sai na tuna duk Hausar da ke cikinsa ba za ta kai gare ta ba.

Na ce wa mai gadin, "Yaya ake cewa, ba ki yi komai ba, Mma?"

Ya faɗa mini. Kalmomi ne kaɗan, amma akwai wani sauti a tsakiya da harshena bai taɓa zuwa wurin ba. Na matso da wayar bakina na faɗa, na san na kakkarya shi. Sai na ji ta maimaita abin da na faɗa, a hankali, gaɓa gaɓa, da karkataccen bakinta, ta ja wurin da na ɓata. Ta ƙara wata 'yar kalma a ƙarshe.

"Ya ce ba haka ba ne," in ji mai gadin. "Ya ce ka sake."

Na share fuskata da hannun riga, na sake.